Tarin da ke ɗauke numfashi: Abin da ya faru a gidanmu, da abin da ya kamata matasa su sani

Wajen ƙarfe biyu na dare ne. Tarin kam na riga na saba da shi, don ɗaki ɗaya muke kwana da ƙanena, kuma ya shiga sati na uku yana yi. Abin da ya tashe ni zumbur shi ne shirun da ya biyo baya. Na haska fitilar waya, sai na gan shi durƙushe a bakin katifa, ya dafe bango, baki a buɗe, idanu sun yi jawur sun firfito, hawaye na zuba. Yana ƙoƙarin jan numfashi, iska ta ƙi shiga. Na kira sunansa ya kasa amsawa, sai hannu yake ɗago min. Can sai wata ƙara mai tsini ta fito daga maƙogwaronsa, kamar an ja tsohon ƙyaure mai tsatsa, daga nan ya fara kelaya amai.

Duka-duka abin bai kai minti ɗaya ba, amma wallahi ni a wurina kamar awa guda ne. Umma ta fito a guje tana salati, riƙe da kofin ruwa. Kafin a yi minti goma, mutumin naku ya wanke baki ya koma kan katifa yana latsa waya, kamar ba shi ne ya kusa sheƙawa barzahu ɗazu ba. Har da ɗora status a WhatsApp cewa tari ya kusa aika shi, da ƴar fuskar dariya a ƙarshe.

Da safe amsoshi suka yi ta shigowa. Wannan ya ce citta da lemun tsami, wancan ya ce zuma da tafarnuwa, wata ta ce sanyi ne ya kama shi ya daina shan ruwan firji, wani kuma ya turo bidiyon TikTok na wani mai magani da ke cewa kwalba ɗaya ta isa. Babu ko mutum ɗaya da ya ce ya je asibiti. Mu ma a gida ba mu ce ba, sai a wannan daren. Kafin nan ya sha sirof kala uku daga kemis, ya sha maganin maleriya, har allura an yi masa.

Na san da yawa daga cikinku kun taɓa ganin irin wannan, ko a kanku, ko a hostel, ko a wajen wani ƙani ko ƙanwa. Shi ya sa na ga ya dace mu zauna a kan maganar yau.

Me ke faruwa a maƙogwaro?

Shi tari asalinsa kariya ne. Idan ƙura ko majina ko wani abu ya taɓa hanyar iska, sai mutum ya ja numfashi, ƙofar maƙogwaro ta rufe, tsokokin ƙirji da na ciki su matse, sannan ƙofar ta buɗe iska ta fito da ƙarfi ta yi waje da abin. Sau ɗaya ko biyu, an gama.

Matsalar tana zuwa ne idan tarin ya zo a jere, biyar, goma, har fiye, duk a cikin fitar numfashi ɗaya. Huhu ya fitar da iskar da ke cikinsa, bai samu zarafin jawo sabuwa ba. Lokacin da mutum zai ja, sai iskar ta bi ta maƙogwaron da ya tsuke, shi ne kake jin wannan ƙarar mai tsini.

Wani lokacin kuma igiyoyin murya, wato ƴan tsokokin nan biyu da ke cikin maƙogwaro waɗanda muke magana da su, su ne ke damƙewa su rufe hanya. Mutum ba ya iya magana, ba ya iya jan iska. Yawanci suna sakewa da kansu cikin daƙiƙoƙi, ko minti ɗaya zuwa biyu, amma tsoron da ke kama mutum a wannan ɗan lokacin ba ƙarami ba ne.

Akwai ma waɗanda ke suma. Matsin da tari ke tarawa a ƙirji yana rage jinin da ke komawa zuciya, na ƙwaƙwalwa ma ya ragu, sai mutum ya ga duhu ya zube na ƴan daƙiƙoƙi. A kan katifa da sauƙi. Amma ka ƙaddara abin ya same ka kana kan babur, ko kana tuƙa adaidaita sahu cike da fasinja, ko ke kina tsaye a kan tukunyar mai.

Likitoci suna raba tari gida uku: wanda bai kai sati 3 ba, wanda ke tsakanin sati 3 zuwa 8, da wanda ya wuce sati 8. Tarin mura na yau da kullum yana cikin kashin farko, kuma yana raguwa ne a hankali. Wanda ke ƙaruwa maimakon raguwa, ko yake ɗauke numfashi, akwai abin da ke bayansa. Ga manyan waɗanda ake zargi.

Tarin shiƙa: ba na yara kaɗai ba ne

Da muka je asibiti, likitar ta saurari ƙirjinsa ta ce ba ta ji komai ba. Ta sa aka ɗauki hoton ƙirji, aka gwada kakinsa don tarin fuka, duk lafiya lau. Sai ta koma tambayoyi. Yaushe ya fara? Da mura ya fara? Ya fi tashi da dare? Yana amai bayan tarin? Tsakanin tashi da tashi yana jin kansa garau? Duk amsar ita ce eh. Ta ce alamun sun fi kama da tarin shiƙa, wanda wasu ke kira tarin lala.

Ni da shi muka kalli juna. Mu a saninmu wannan ciwon jarirai ne, irin wanda ake lissafawa a rediyo idan ana kiran iyaye su kai yara rigakafi. Saurayi ɗan shekara 19 ina shi ina tarin shiƙa?

Ashe ba haka abin yake ba. Wata ƙwayar cuta ce mai suna Bordetella pertussis ke kawo shi. Masana biyu a ƙasar Beljiyam, Jules Bordet da Octave Gengou, su ne suka fara ware ta a shekarar 1906. Tana yaɗuwa ta iska idan mai ita ya yi tari ko atishawa, kuma tana cikin cututtukan da suka fi saurin kama na kusa. Bayan ta shiga jiki takan yi kwana 7 zuwa 10 kafin alamu su fito, wani lokacin har sati 3.

Tana zuwa ne mataki-mataki. Sati ɗaya zuwa biyu na farko kamar mura ce kawai: yoyon hanci, ɗan tari, zazzaɓi kaɗan ko ma babu. A nan ne mutum ya fi yaɗa ta, kuma a nan ne babu wanda ke zarginta. Sai mataki na biyu, na tarin da ke zuwa a jere yana shaƙe mutum, wanda kan ɗauki sati ɗaya zuwa shida, har goma a wasu. Daga nan sai a shiga farfaɗowa, tarin na raguwa a hankali. Mutanen China suna kiransa tarin kwana ɗari, kuma wanda ya gan shi ya san ba su yi ƙarya ba. Ƙarfin tarin kan sa jini ya kwanta a farin ido, ya sa fitsari ya kufce wa mutum, har haƙarƙari yakan tsage.

Umma ta ce ai ta kai shi duk allurai yana jariri, katin ma yana nan a ƙasan akwati. Likitar ta yi mana bayani cewa kariyar allurar tana raguwa da shekaru, haka ma kariyar da mutum ke samu idan ya taɓa yin ciwon. Shi ya sa matasa da manya ke kamuwa. Da yawansu ma ba sa yin wannan ƙarar, tari ne kawai mai naci da ake ta ɗora wa sanyi. Ko ƙasashen da suka fi mu asibitoci ba su tsira ba. A 2024 an tabbatar da mutum sama da 14,000 sun kamu a Ingila, inda aƙalla jarirai 10 suka rasu, a Amurka kuwa adadin waɗanda suka kamu ya haura 30,000 a wannan shekarar.

Sai likitar ta yi tambayar da ta sa jikina ya yi sanyi: akwai jariri a gidanku?

A lokacin Yayarmu ta haihu da kwana huɗu. Haihuwar fari ce, kuma an shirya bayan suna za ta dawo gida wanka. Ƙanen nawa kuwa tun washegarin haihuwar ya je barka, ya ɗauki yaron, ya manna shi a ƙirji, an yi hoto, ya ɗora da taken sabon kawu.

Zan dawo kan wannan. Bari mu duba sauran dalilan tukuna, don ba kowane tari mai shaƙewa ne tarin shiƙa ba.

Asma, musamman a hunturu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke da asma, kuma ta kashe 455,000 a shekarar, akasarinsu a ƙasashe marasa ƙarfi irin namu. A asma, ƙananan hanyoyin iska na cikin huhu ne ke kumbura su tsuke. Mun fi saninta da kukan ƙirji mai kama da usur, amma akwai nau'in da tari busasshe ne kaɗai alamarsa. Yana tashi da tsakar dare ko da asuba, ko bayan an buga ƙwallo, ko bayan dariya mai yawa.

Abubuwan da ke tayar da ita suna kewaye da mu. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta zuba mana a Maiduguri da Damagaram da Kano da Sakkwato. Ga hayaƙin janareta da na ababen hawa. Ga maganin sauro na kunnawa da muke rufe ɗaki da shi har safe. Ga hayaƙin itace da gawayi a madafa. ƴan'uwa mata, ku yi haƙuri, har da turaren wuta, musamman idan an turara ɗaki an rufe taga.

Abin takaici shi ne yadda muke jin kunyar inhela. Akwai ƴan matan da ke ɓoye ta a ƙasan jaka don kada saurayi ko danginsa su gani. Akwai iyayen da ke hana ƴaƴansu, wai idan aka fara ba a dainawa. Gaskiyar magana inhela ba ta sa jaraba. Ita ce ma hanyar da ta fi sauƙi a jiki, don maganin yana tafiya kai tsaye cikin huhu, ɗan kaɗan ya wadatar. Iri biyu ne manya: mai buɗe hanya nan take, irin shuɗiyar nan ta salbutamol da aka fi sani da Ventolin, da kuma mai kashe kumburin, wadda ke hana ciwon tashi tun farko. Tun 2019 ƙwararrun asma na duniya suka daina ba da shawarar a dogara da shuɗiyar ita kaɗai. Idan kana buƙatarta sau da yawa a sati, alama ce ciwon bai kwanta ba, ka koma wurin likita.

Tarin fuka: sati biyu ne ma'auni

Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka, inda ake ƙiyasta kusan mutum rabin miliyan na kamuwa duk shekara. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bi mai sauƙi ce: duk tarin da ya kai sati 2, a gwada kaki. Idan ya haɗu da zufar dare, rama, zazzaɓin yamma, rashin cin abinci ko jini a kaki, to kada a ƙara ko kwana ɗaya.

Gwajin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da ke kula da cutar, kuma na'urar GeneXpert na iya fitar da sakamako cikin kamar awa biyu. Maganin ma kyauta ne, na wata 6, kuma ana warkewa sarai idan an sha shi har ƙarshe. Akwai layin waya na kyauta, 3340, da za ka kira a faɗa maka cibiya mafi kusa. Masu zama a cunkushe, irin ɗakin hostel mai mutum takwas ko shagon samari mai taga ɗaya, su suka fi buƙatar riƙe wannan lambar.

Ƙananan dalilan da ake mantawa

Ƙwannafi na cikinsu. Ka ci indomi da ƙwai da yaji ƙarfe sha ɗaya na dare, ka kora da lemo mai gas, ka miƙe a katifa. Ruwan ciki mai tsami sai ya hauro har maƙogwaro, ya taɓa igiyoyin murya, su damƙe. Mutum ya farka a firgice yana tari yana neman iska. Sau da yawa maganin wannan shi ne a bar awa 3 tsakanin cin abinci da kwanciya, a kuma ɗaga wajen kai na gado.

Akwai majinar da ke gangarowa daga bayan hanci zuwa maƙogwaro, ga masu yawan atishawa da toshewar hanci. Akwai tarin da ke saura bayan mura ta warke, wanda kan ja makonni. Akwai kuma wasu magungunan hawan jini, irin su lisinopril da enalapril da captopril, da ke sa busasshen tari mai naci ga wasu mutane. Idan Baba ko Umma sun fara tari bayan an sa su a kan irin wannan magani, kada su daina sha da kansu, a koma a faɗa wa likita ya canza.

Sai shisha da sigari. Na san za a ce ai shisha ruwa ke tace ta, ga ƙamshin tuffa da na'ana'a. Ruwan yana sanyaya hayaƙin ne kawai, shi ya sa ake iya zuƙa da yawa ba a ji zafi ba. Tun 2005 kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya yi gargaɗin cewa a zama ɗaya na kamar awa guda, mai shan shisha na iya zuƙar hayaƙin da yawansa ya kai na karan sigari 100 ko fiye. Ga hayaƙin gawayin da ke kai, ga bakin tiyo ɗaya da ke zagaya mutum biyar. Idan ɗaya daga cikinsu na da tarin fuka fa?

Masu sikila kuma maganarsu daban ce. Tari da zazzaɓi da ciwon ƙirji ga mai sikila abin gaggawa ne, a tafi asibiti a ranar.

Maganar sirof

Abu na farko da muke yi idan tari ya dame mu shi ne mu aika yaro kemis. Sirof ba ya kashe ƙwayar tarin shiƙa, ba ya taɓa tarin fuka, ba ya buɗe huhun mai asma. Abin da ya fi yi shi ne ya cinye kuɗi da kwanaki.

Mu a Arewa mun san inda sirof ya kai mu. A ƙarshen Afrilun 2018 sashen binciken BBC Africa Eye ya fitar da rahoton bidiyo kan yadda kodin ke lalata matasa a Najeriya, kuma kashegari, 1 ga Mayu, gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Ban da jarabar da yake sawa, kodin yana rage ƙarfin numfashi. Ka ga ba wa wanda iska ke yi wa wuyar shiga irin wannan magani ƙara wa Borno dawaki ne.

Ga yara kuma sai an ƙara taka-tsantsan. A 2022 yara kusan 70 suka rasu a Gambiya sakamakon lalacewar ƙoda, abin da aka danganta da wasu sirof na tari da mura da aka shigo da su daga Indiya masu ɗauke da sinadari mai guba. Kada a ba ƙaramin yaro sirof ɗin tari sai da izinin ma'aikacin lafiya, kuma a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Zuma da ruwan ɗumi suna lallashin maƙogwaro, babu laifi a sha. Sharaɗi ɗaya ne: ba a ba wa jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko ɗigo, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba.

Idan abin ya tashi a gabanka

Kuskuren da muka yi a daren nan shi ne ɗura masa ruwa yana tsakiyar shaƙewa. Ruwan na iya bin hanyar iska ya ƙara dagula lamarin. A jira sai numfashi ya dawo, sannan ya kurɓa kaɗan-kaɗan.

A zaunar da shi, ya ɗan sunkuyo gaba. Kada a kwantar da shi rigingine, saboda amai. A buɗe taga, a kashe turare ko maganin sauro, a rage taron mutane a kansa. Mutum ɗaya ya tsaya kusa yana masa magana a natse, don firgici na ƙara tsuke maƙogwaro. Shi kuma ya yi ƙoƙarin jan iska a hankali ta hanci, ko ya tsuke leɓe kamar mai zuƙar lemo da tsinke, maimakon ya wage baki yana fizga.

Idan mai asma ne, a miƙa masa shuɗiyar inhelarsa: fesa ɗaya duk bayan daƙiƙa 30 zuwa 60, har zuwa fesa 10. Idan babu sauƙi, sai asibiti. Ga yaro ko wanda ya galabaita, maganin ya fi shiga idan aka bi ta cikin mazubin da ake haɗawa da inhela. Inda babu shi, binciken da aka yi a Afirka ta Kudu ya nuna gorar ruwa ta roba mai rabin lita na yin aikin: a huda gindinta daidai bakin inhelar, a fesa a ciki, a shaƙa ta bakin gorar.

A bambanta wannan da wanda abinci ko wani abu ya maƙale wa. Shi wannan yana cikin cin abinci ne abin zai same shi farat ɗaya, ya kama wuya, ya kasa tari ya kasa magana. A nan ne ake sunkuyar da mutum a buga tsakanin kafaɗunsa da ƙarfi. Mai tarin da ya daɗe yana yi ba ya buƙatar duka a baya.

Akwai alamun da ba a jiran gari ya waye a kansu: leɓe ko harshe ya canza launi ya yi duhu ko toka-toka, mutum ya kasa haɗa jimla ɗaya saboda haki, ya suma, ya yi tarin jini, ƙirji na ciwo, ko ya rikice yana surutai. Ga jariri kuwa, idan numfashinsa na tsayawa, ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, ko ya ƙi kama nono, ko ya yi laushi, a nemi abin hawa nan take.

Mu koma kan jaririn Yaya

Abin da likitar ta faɗa mana shi ne, tarin da ke wahalar da saurayi na ƴan watanni yana iya kashe jariri cikin kwanaki. Jarirai ƙanana sau da yawa ba sa ma yin tarin. Numfashinsu ne kawai ke tsayawa, su canza launi. Kuma yawanci a cikin gida suke ɗauka, daga uwa ko uba ko yayye ko kawu mai ɗan tarin da kowa ya raina.

A Najeriya allurar da ke kare yaro daga tarin shiƙa ita ce Penta, wadda aka fara bayarwa a 2012. Ana yin ta sau uku, a sati 6 da 10 da 14 da haihuwa, kyauta. Cuta biyar take karewa, har da mashaƙo, wadda ta ɓarke tun ƙarshen 2022 ta fi yin ɓarna a Kano. Ka ga ke nan jaririn da bai kai sati 6 ba bai ma isa a yi masa ta farko ba. Garkuwarsa ita ce mutanen da ke kewaye da shi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna rabin yaran Najeriya ne kawai suka samu Penta uku cif, kuma har yanzu ana lissafa yara sama da miliyan 2 a ƙasar da ba a taɓa yi musu ko ta farko ba.

Likitar ta rubuta wa ƙanena azithromycin na kwana 5. Ta faɗa masa gaskiya cewa a wannan matakin maganin ba zai tsayar da tarin ba, aikinsa shi ne ya kashe ƙwayar don ya daina yaɗa ta. Wanda bai sha magani ba yana iya harbin mutane har sati 3 daga fara tarin, wanda ya sha kuwa bayan kwana 5 an tsira daga gare shi. Mu ƴan gida ma aka ba mu, ta kuma ce a kawo jaririn da mahaifiyarsa a ranar.

Wallahi shan maganin ya fi sauƙi a kan faɗa wa mutane. Umma cewa ta yi, "Yanzu saboda tari za a ce yaro ba zai je sunan ɗan yayarsa ba? Me dangin miji za su ce?" Na ce, "Umma, gara su yi magana a kan rashin zuwansa da su zo mana gaisuwa." Ta yi shiru, can ta ɗauki waya ta kira Yaya da kanta.

An duba jaririn, an ba shi maganin kariya, aka ce a sa masa ido na sati uku. Ƙanena bai je suna ba, ta bidiyo ya kalla daga shagon ƙofar gida, da takunkumi a fuska. Dawowar Yaya gida aka ɗaga da ƴan kwanaki, sai da kowa ya gama shan magani. Waɗannan makonnin, duk atishawar da yaron ya yi sai gaban kowa ya faɗi. Allah cikin ikonsa bai kamu ba. Ranar da ya cika sati 6, kawun nasa ne ya tuka su zuwa asibitin unguwa aka yi masa Penta ta farko.

Shi kuwa mai tarin sai da ya kusa wata uku kafin ya rabu da shi gaba ɗaya. Ko bayan nan, ƴar mura kaɗan sai ta so ta tayar masa.

Abin da nake so mu ɗauka

Mu matasa muna da wata ɗabi'a: ciwon da bai kwantar da mu ba, ba ciwo ba ne. Shi kuwa irin wannan tarin dabararsa ke nan, ya shaƙe ka na minti ɗaya ya sake ka na awa biyar, ka fita majalisa, ka shiga aji, ka hau motar haya, ka je barka.

Don haka ka riƙe lissafi. Ranar da tari ya fara, rubuta a waya. Idan ya kai sati 2, je a gwada kaki. Idan ya taɓa ɗauke maka numfashi, ko ya sa ka amai ko suma, kada ka jira sati biyun. Idan za ka ga likita, ka tafi da bayanin lokacin da ya fi tashi, da abin da ke tayar da shi, da duk magungunan da ka sha. Wayar nan da muke ɗaukar komai da ita ma tana da amfani a nan: wani ya ɗauki bidiyon tarin lokacin da ya tashi, don a gaban likita sau da yawa ba ya zuwa.

Idan kana tari ko mura, barka za ta iya jira. Tura saƙo, tura kuɗin sabulu, amma kada ka ɗauki jaririn mutane, balle ka sumbace shi. Ke ma mai jego, ba rashin kunya ba ne ki ce wa mai tari ya tsaya daga bakin ƙofa. Kuma idan akwai ƙaramin yaro a gidanku, yau ka tambayi ina katin rigakafinsa yake, ka duba ko an cike layukan Penta guda uku.

Gobe idan ka ga abokinka ya ɗora status yana wasa da tarin da ya kusa aika shi, kafin ka tura masa citta da lemun tsami, tambaye shi sati nawa ke nan, kuma akwai jariri a gidansu?

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raya mana ƙananan.